Furen teku ya mutu a falonmu, Malam kuma ya ce sai ya sake sayo wani

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Samaru, 'ya'yanmu uku. Maigidana ya dawo daga karatu a Malesiya da son kiwon kifin teku. A watan Janairu ya haɗa tankin gilashi mai cin lita 200 a falo, ya zuba ruwan gishiri da duwatsu da kifaye huɗu. Ƙarshen Maris aka kawo masa wani abu mai kamar fure daga Legas, ya ce sunansa anemoni. Bai cika sati uku ba, wata rana aka ɗauke wuta tun azahar, batirin inbata ya ƙare cikin dare. Da asuba muka tarar abin ya narke, ruwa ya yi fari, kifaye uku sun mutu, falo ba ya shiguwa don wari. Yanzu ya ce zai sake sayo wani, kuma in an ɗauke wuta a kashe fankoki a bar wa tanki batir. Ga autana ɗan shekara huɗu, kullum sai ya taka kujera ya tsoma hannu. Na yi magana, ya ce ban san darajar abin ba. Shin abin nan ba ya cutarwa? Kuma yaya zan yi da Malam ba tare da mun yi faɗa ba?

Wata baiwar Allah, daga Samaru

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya mayar muku da alheri, Ya raya zuri'a. Kada Malam ya sake sayo anemoni bana. Amma ke ma kada ki je masa da maganar a fitar da tanki daga gidan, don in kika fara daga nan ba zai saurari sauran ba, alhali sauran ne ke da amfani.

Abin da ya mutu a falonku dabba ce, duk da masu sayarwa na ce mata furen teku. 'Yar'uwar murjani ce, wannan dai murjanin da kakanninmu ke ɗaurawa a wuya, wanda shi ma asalinsa ƙashin wata halittar teku ne. Tana da baki ɗaya a tsakiya, ta nan take ci, ta nan take fitar da abin da ya rage. Kewaye da bakin akwai yatsu masu laushi cike da ƙananan ƙayoyi masu dafi da ido ba ya gani, a ƙasa kuma ƙafa ɗaya shimfiɗaɗɗiya da take manne wa dutse. Ba ƙashi, ba ƙwaƙwalwa, yawancin jikinta ruwa ne, shi ya sa da ta mutu take narkewa cikin sa'o'i kaɗan. Abin da ya fi ba ni mamaki a halittarta shi ne akwai wata ƙaramar gansakuka da ke zaune a cikin namanta, tana sarrafa haske ya zama abinci, anemoni na ci daga ciki. Kamar manomi ne da ke ɗauke da gonarsa a ƙarƙashin fata. Wannan gansakukar ce ke ba ta kala. In zafi ya yi yawa ko haske ya gaza, sai ta fice, dabbar ta yi fari fat, daga nan yunwa ta soma cinta a hankali ko da ana ganin ta a buɗe kamar lafiya lau.

Ruwa ba ya tsami banza. Ɗauke wutar nan ita ta ƙarasa ta, amma tun kafin ranar tana cikin wahala. Tankin da aka haɗa a Janairu bai kai wata uku ba a ƙarshen Maris. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke yaɗuwa a ramukan duwatsu da yashi su ke juya ta ta koma abin da ba ya kisa nan take. Makonni kaɗan sun isa su fara aiki har kifi ya rayu, amma kafin ruwan ya daidaita ya daina hawa da sauka sai an ɗauki watanni. Masu wannan kiwo sun daɗe suna cewa a jira aƙalla wata shida kafin a sa anemoni, da yawansu ma shekara suke cewa. Sannan ki duba tafiyar da ta yi. Irin anemonin da ɗan kifin nan mai ruwan goro da farar ɗamara ke kwana a ciki, wanda yara ke kira Nemo, babu shi a tekun Legas, babu shi a duk tekun Atlantika. Daga can wajajen Indunusiya da Filifin da Bahar Maliya ake ɗebo shi. Ya sha jirgi a ƙulle cikin leda, ya zauna a shago, ya sake kamo hanyar Arewa a tsakiyar bazara. Ya iso a galabaice, aka saka shi a ɗanyen tanki, a watan da Zariya ta fi kowane lokaci zafi.

Ruwan da wannan halitta ta sani yana tsakanin digiri 24 zuwa 27, kuma a teku ba ya sauyawa da sauri. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu rana kan doshi digiri 40, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kuma yana riƙe zafinsa har tsakar dare. Fitilun tanki da injinan da ke cikin ruwa su ma zafi suke ƙarawa. Da ruwan ya haura 29 ya daɗe a can, an shiga haɗari. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, to in injin da ke kaɗa ruwa ya tsaya a irin wannan dare, kifi da bakteriya da anemoni duk suna rububin 'yar iskar da ta rage. Wadda ta fara mutuwa ta ruɓe, ruɓewar ta cinye sauran iskar, ta saki amoniya da dafi, sai sauran su bi ta. Abin da kuka tarar da asuba ke nan. Na taɓa ganin irinsa a nawa tankin shekarun baya, kuma har yau ban manta warin ba, ban manta yadda na ji ba da na ɗago kifin da na shekara biyu ina ciyarwa. Saboda haka na san Malam ma yana jin ciwo, ko bai faɗa ba.

Maganar fanka kuwa, gaskiya na wajenki. Yara uku ba za su kwana cikin gumi a watan Afrilu, lokacin ƙuraje da sanƙarau, don wata halitta ta gilashi ba. Haƙƙin iyali yana gaba. Sai dai rigimar ba ta kai girman da kuka ɗauke ta ba. Da dare tanki ba ya bukatar fitila, dama a kashe ya kamata ta kasance, awa takwas zuwa goma na rana sun ishe ta. Abin da ba a so ya tsaya shi ne motsin ruwa, ƙaramin injin da ke kaɗa ruwa kuwa bai ja rabin wutar da fankar sama ɗaya ke ja ba. A ware masa nasa ɗan batirin dabam, wanda babu abin da ke kansa sai shi. A kuma ajiye ɗan injin hura iska mai aiki da batir, akwai irin wanda ke tashi da kansa da zarar wuta ta tafi.

Mai shan wuta da gaske ita ce na'urar sanyaya ruwan tanki, wadda ke aiki kamar firji. Idan Malam ba shi da halin sayenta da solar da za ta riƙe ta dabam da ta gida, to ya san iyakar abin da zai iya kiwatawa. Akwai dabaru na rage zafi: ƙaramar fanka da ke busa saman ruwa tana sauke digiri ɗaya zuwa uku, kuma tana aiki sosai a busasshiyar iskarmu ta Maris. Gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe ruf, a bar ta tana yawo a sama, tana ceton rana guda. Amma waɗannan na gaggawa ne, suna bukatar mutum a tsaye a kai. Ranar da Malam ya tafi taro Abuja, wa zai tsaya? Ke ce. Ki tambaye shi wannan a fili, domin duk abin da aka kawo falo, ƙarshenta aikinsa a wuyan matar gida yake sauka.

Hunturu ma da nasa. Daren Disamba da Janairu a Samaru kan sauka ƙasa da digiri 15, dole sai da hita mai daidaita kanta, kuma a sa mata kariya, don anemoni kan manne wa hita ya ƙone. Iskar lokacin tana shanye ruwa da sauri. Ruwan ne ke tashi, gishirin yana nan, saboda haka abin da ya ragu da ruwa marar gishiri ake cike shi, kullum kaɗan-kaɗan. Sababbin masu kiwo da yawa suna cikewa da ruwan gishiri, sai tankin ya yi ta ƙara ɗaci har komai ya mutu ba su san dalili ba. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, wato tankinku na ɗauke da kusan kilo 7, kuma ma'aunin gishiri ya tsaya a 1.025 ko 1.026. Gishirin miya na kasuwar Sabon Gari ba ya yi, akwai haɗi na musamman mai ɗauke da sauran sinadaran teku. Ruwan rijiya ko na burtsatse ko na 'yan garuwa shi ma ba a zuba shi kai tsaye, na famfo kuma akwai kulorin, sai an tace da matatar da ake kira RO. Duk sati ɗaya ko biyu a canja kamar jarka guda. In kifi ya yi ciwo kada a zuba magani a babban tanki, domin magungunan kifi da yawa na ɗauke da jan ƙarfe, wanda ke kashe anemoni da murjani, kuma yana maƙalewa a duwatsu.

Akwai wani abu da ke hannunki, wanda na tabbata mai shagon Legas bai faɗa ba. Maganin sauro na feshi, da na ƙonawa, da fiya-fiya, duk guba ne mai tsanani ga kifi da ƙananan halittun ruwa. Feshi ɗaya a falo da magariba ya isa ya share tanki. Turaren wuta ma a nisanta shi, haka man shafawa da sabulu a hannu.

Sai maganar auta, wadda ta fi komai tsaya mini a rai. Harbin yawancin anemoni ga babba ƙaiƙayi ne da ja da ɗan kumburi, amma fatar yaro ba ta kai tamu kauri ba, yana iya murza ido da hannun, kuma akwai mutanen da jikinsu ke tashi sosai. Manyan nan masu faɗi kamar darduma, 'yan gidan Stichodactyla, sun fi zafin harbi, suna manne wa fata, suna cinye kifayen tanki, kada su shigo gidan da ke da yara. In harbi ya auku a wanke da ruwan gishiri, kada a murza, in kuma aka ga numfashi na sarƙewa ko fuska na kumbura, asibiti nan take. Duk da haka ba harbin na fi tsoro ba. Ruwan gishiri yana ɗaukar wutar lantarki fiye da ruwan sha nesa ba kusa ba, ga hita da injina a nutse cikinsa, ga yaro ba takalmi a kan tayil. Mai gyaran wuta ya zo ya sa na'urar da ke katse wuta da kanta in ta fara zuba, a ɗaga soket sama da inda ruwa zai fantsama, kowace waya ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket yadda ɗigo ba zai gangara ciki ba. Tanki mai lita 200 da duwatsunsa ya haura kilo 250. Yaron da ya rataya a bakinsa daga kan kujera yana wasa da abin da ya ninka shi nauyi fiye da sau goma. A yi murfi mai raga da makulli, a ɗauke duk abin takawa daga wajen. Wannan ba ya jiran ku gama shawara.

Ki kuma faɗa wa Malam kada ya taɓa dafa duwatsun tankin ko ya kankare su da hannu tsirara da sunan tsabtacewa bayan wannan mutuwar. Wasu ƙananan dangin murjani masu kamar maɓalli, Palythoa, kan zo manne da duwatsu, suna ɗauke da dafin palitoksin, wanda ke cikin mafi muni a halittu. An sha kwantar da iyalai a asibiti a Turai da Amurka saboda sun shaƙi tururinsa. Safar hannu doguwa duk sanda zai sa hannu a ruwa.

To yaushe zai saya? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya samo littafi ya ajiye kusa da tanki, safe da yamma ya rubuta zafin ruwa, duk sati ya rubuta gishiri da amoniya da sauran awo. Tankin ya ratsa damina, ya ratsa hunturu, ya ratsa wata bazarar da kifayensa a raye. In littafin ya nuna ruwa bai haura 28 ba ko a Afrilu, bai sauka ƙasa da 24 ba ko a Janairu, kuma motsin ruwa bai taɓa tsayawa dare guda ba, to daminar baɗi, wajen Yuli ko Agusta da garin ke lumshi, ya yi oda. In littafin ya nuna akasin haka, shi da kansa zai gani, ba sai kin ce komai ba. Mai ilimi ne, ya san girman abin da awo ya nuna.

Kafin nan, ko da kifin nasa Nemo ne, babu abin da ya rasa. Mai farar ɗamarar nan yana neman anemoni a teku ne don ya ɓuya daga manyan kifaye, majinar jikinsa na kare shi daga harbin. A tanki ba mai farautarsa, yana rayuwa shekaru, har ƙwai yana yi, ba tare da ya taɓa ganin anemoni ba. Cikin ire-iren anemoni sama da 1000, kimanin goma kacal ke karɓar wannan kifi, kuma ukun da shi mai ruwan goron ya saba da su a teku suna cikin mafi wuyar kiwo. Wanda ya fi jure tanki shi ne Entacmaea quadricolor, mai yatsu masu kumburi a baki kamar 'yan balan-balan. Shi ake ba mai koyo, musamman wanda ya tsage gida biyu a tankin wani, don ya riga ya saba da zaman gilashi. Sau da yawa kifin kan shige shi, wani lokaci kuma ya yi watanni bai ko kalle shi ba, Malam ya san da wannan tun kafin ya biya.

Ranar saye ya nemi bidiyon ainihin wanda za a turo masa. Baki a tsuke, ƙafa manne da ƙarfi ba yagewa, kala mai duhu, ruwan ƙasa ko kore ko ja. Fari tas ko rawaya mai ƙyalli, komai kyansa a ido, mai ciwo ne ko rinanne. Kafin ya shiga ruwa a rufe bakin kowane inji da soso ko raga, domin anemoni na tafiya. In wuri bai yi masa ba sai ya saki dutse cikin dare ya bi ruwa, injin ya zuƙe shi ya niƙe, a wayi gari da irin abin da kuka gani ko da wuta ba ta ƙifta ba. Inda ya zaɓa ya zauna a bar shi, ɓamɓaro shi da ƙarfi yana yaga ƙafar. Abinci ɗan yankan jatan lande ɗanye ko naman kifin teku, bai wuce girman ƙwayar wake ba, sau ɗaya ko biyu a mako. Yakan saɓe ya ƙanƙance na wasu sa'o'i ya sake cika, wannan ba komai. Amma baki a wangale, jiki na zagwanyewa, ga wari, a kwashe shi da roba nan da nan a canja ruwa mai yawa.

Ya ce ba ki san darajar abin ba. To ki nuna masa kin sani. A shekarar 1828 wani masani ɗan Sikotland, John Dalyell, ya ɗauko wani ƙaramin anemoni daga gaɓar tekun ƙasarsu ya sa a kwalba. Dabbar ta rayu har 1887, kusan shekara sittin, ta daɗe bayan mutuwar mai ita, ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu a birnin Edinbara. Irin na ruwan sanyi ne, ya fi na Malam juriya, amma ya nuna tsawon ran da Allah Ya ba wannan dangi. Halittar da za ta iya kai wannan, a raba ta da tekunta ta ƙare a sati uku, abin a tsaya a yi tunani ne. Addini bai hana kiwo ba, ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsunsa, Annabi (SAW) har yana tambayarsa labarinsa. Amma mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Abin da ke cikin gilashi ba shi da inda zai gudu, iskarsa da sanyinsa da haskensa duk suna hannun wanda ya kulle shi. Kada ki jefa masa hadisin a matsayin gori, ya san shi. Ki kawo shi a matsayin abin da ke damun ki ke ma.

Kada ki tayar da zancen a gaban yara ko a gaban baƙi, kuma ba lokacin da yake tsaye a gaban tankin yana kallon kifi ɗayan da ya rage ba. Ki bari ya ci abinci ya huta. Ki fara da jajanta masa, don ina zaton tun da abin ya faru ba wanda ya ce masa sannu, kowa lissafin kuɗin yake yi. Sannan ki ce kina son in an sake kawowa ya rayu, kuma kin ji ana cewa sai tanki ya shekara. Ki roƙi abu uku a jere: murfi da mai gyaran wuta a wannan satin, batirin injin ruwa dabam kafin ƙarshen wata, fankokin yara kuma ba a sake kashe su. Ki ce awon safe ke za ki riƙa rubutawa in ya fita da wuri, babbar 'yarku ko ɗanku na yamma. In ya ƙi duka, ya dage sai ya yi oda a wannan zafin, to ki samu wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa, ku zauna. Maganar wutar lantarki da yaro kam ba ta cikin abin da ake sassautawa, ko ya yarda da sauran ko bai yarda ba.

Auta kuma a ba shi aiki. A ajiye masa tabarmarsa ɗan nesa da tankin, shi ne mai ƙirga kifi kowace safiya, shi ne mai zuwa ya faɗa wa Abba in injin ya yi shiru. Abincin kifi ya auna a cokali ya miƙa wa babba ya zuba. Kujerar nan kuwa ki fitar da ita daga falon yau, kafin ya dawo daga islamiyya.